Bulon Roba a Hannun Mai Furfura

Takalmin makaranta na je nema wa 'yata a layin 'yan gwanjo, wata Asabar da daminar bara, sai idona ya faɗa kan wata leda a ƙarƙashin tebur, tsakanin 'yan tsana masu ɓallallen hannu da motocin wasa da suka daina tafiya. Cike take da 'yan bulon roba, ja da rawaya da shuɗi da fari, a cakuɗe. Na tsugunna na cusa hannu na motsa su. Wannan ƙarar tasu ta kacau-kacau ita ta riƙe ni a wurin. Rabona da jin ta ya fi shekara talatin.

Ina ɗan shekara tara kawuna ya dawo daga karatu a Ingila, tsarabata kuwa ɗan kwalin LEGO ne wanda bulonsa bai kai ɗari ba. Kwalin ya yage cikin wata guda, na juye su a gwangwanin madara. Da su na gina masallaci, na rushe na gina tashar mota, na rushe na gina gidan sarki. Da na tafi makarantar kwana gwangwanin ya koma hannun ƙannena, daga nan bulon suka bi shara ɗaya bayan ɗaya. Ban tambayi inda suke ba, domin a lokacin gani nake na girma.

Na sayi ledar. Mai kayan yana ƙulle ta yana cewa, "Alhaji, yau yara za su yi kwanan farin ciki." Sun kuwa yi murna. Amma bayan sallar isha, da suka yi barci, ni ne na shimfiɗa tabarma na zazzage ledar, ban tashi ba sai wajen ƙarfe ɗaya na dare. Zaure na gina, mai zankwaye huɗu, irin na ƙofar gidan kakana.

Daga baya na gano cewa irina suna da yawa a duniya, har suna da sunan da suke kiran kansu da shi, AFOL, taƙaitaccen lafazin Turanci mai nufin baligi masoyin LEGO. Suna da ƙungiyoyi a Turai da Amurka da Asiya, suna haɗa taron baje koli inda mutum zai kawo birni sukutum da ya shekara yana ginawa a ɗakinsa. Abin da ya fi taɓa ni shi ne sunan da suka ba wa tsakanin lokacin da yaro ya ajiye bulonsa da lokacin da ya dawo gare su yana magidanci. Suna ce masa shekarun duhu. Kusan kowanensu yana iya gaya maka abin da ya fito da shi: wani haihuwar ɗansa na fari ce, wani tsohon akwati ya tarar a ɗakin mahaifiyarsa, wani jinya ce ta zaunar da shi a gida. Nawa dalilin ledar gwanjo ce.

Akwai abin da ya sa dawowar take da sauƙi, kuma yana cikin bulon kansa. Wani kafinta mai suna Ole Kirk Christiansen, a ƙaramin garin Billund na ƙasar Denmak, ya fara sassaƙa kayan wasa na katako a 1932, lokacin da tattalin arzikin duniya ya karye, aikin gini ya yi wuya. A 1934 ya raɗa wa sana'ar suna LEGO, daga kalmomi biyu na harshensu masu nufin yi wasa da kyau. Bulon roba na farko sun fito a 1949, kuma an ɗauko siffarsu ne daga wasu da wani Baturen Ingila, Hilary Page, ya riga ya ƙera. Sai dai cikinsu fanko ne, ba sa kama juna sosai, gini na ɗan tashi sai ya zube. Ɗan kafintan, Godtfred, shi ya kawo maganin: aka sa 'yan bututu a cikin bulon ta ƙasa, yadda 'yan idanun da ke saman wani bulo za su shige tsakaninsu su maƙale. An yi rajistar wannan dabara ranar 28 ga Janairu, 1958, kuma tun daga ranar ba a sauya awon ba. Bulon 1958 yana hawa kan na bana daram.

Na gwada wannan da hannuna. A cikin ledar akwai wani farin bulo da ya tsufa har ya koma ruwan ƙwai, duk jikinsa ƙarzuwa, har da shatin haƙoran wani yaro da ban san ƙasarsu ba. Na ɗora shi kan wani sabo fil, na ji ɗan ƙas ɗin nan na kamawa. Na daɗe ina juya su a tafin hannuna. Rediyon gidanmu na wancan zamani babu kayan gyaransa yanzu, kaset ya tafi, wayar da na riƙe shekara goma da suka wuce ko cajarta ba a samu. Wannan abu kuwa ya jira ni yadda na bar shi.

Shi kansa kamfanin ya daɗe bai ɗauki manya da muhimmanci ba. Sai da ya kusa durƙushewa a 2003 da 2004, bayan ya bazu cikin harkar sutura da agoguna da wuraren shaƙatawa, bashi ya yi masa katutu. Aka naɗa Jørgen Vig Knudstorp shugaba a 2004, mutum daga wajen iyalin kafintan, ya sayar da wuraren shaƙatawar, ya mayar da hankali kan bulo, aka kuma fara sauraron waɗannan magidanta da ba su daina saye ba. Wani mai zanen gine-gine a Shikago, Adam Reed Tucker, wanda ke gina dogayen benaye da bulo don sha'awarsa, shi aka haɗa kai da shi aka fito da jerin shahararrun gine-ginen duniya a 2008. A shekarar ce kuma aka fara, daga Jafan, tsarin da yanzu ake kira LEGO Ideas: kowa na iya tura abin da ya ƙirƙira, in mutum 10,000 suka goyi baya kamfani ya duba, in ya karɓa ya kai kasuwa mai shi ya samu kashi 1 cikin 100 na cinikin. A 2019 kamfanin ya saye BrickLink, kasuwar intanet da masoyan suka kafa tun 2000 don cinikin bulo ɗai-ɗai. A 2020, shekarar kullen korona da ta zaunar da duniya a gida, ya fara buga 18+ ƙarara a jikin baƙaƙen kwalaye.

Kayan da ake yi wa manya yanzu ba ƙanana ba ne. Taj Mahal na Indiya da ya fito a 2008 bulo 5,922 ne, shi ne wanda ɗan ƙwallon Ingila David Beckham ya faɗa a wata hira a 2010 cewa yana ginawa. Jirgin ruwan Titanic na 2021 bulo 9,090 ne, tsawonsa ya haura mita ɗaya. Hasumiyar Eiffel ta Faransa, ta 2022, bulo 10,001, tsayinta ya kusa mita ɗaya da rabi. Har furanni ake yi na ajiyewa a falo. Wani lauya a Amurka, Nathan Sawaya, ya ajiye aikin lauya a 2004 ya koma gina siffofi da bulo, ayyukansa suna zaga gidajen baje koli na ƙasashe.

A nan ne nake rabuwa da wasu 'yan'uwana masoya bulo. Jirgin fim ɗin Star Wars da aka fitar a 2017, mai bulo 7,541, dala 800 aka sa masa, kuɗin da ya fi albashin watanni na ma'aikaci a wurinmu. Ba tsadar kaɗai ke damuna ba. Mutum zai sayi kwali, ya bi littafin umarni shafi bayan shafi, ya gama, ya sa a kabad ɗin gilashi ya hana yara taɓawa. Wasu ma ba sa buɗe kwalin, ajiyewa suke yi sai ya yi tsada su sayar. Wannan kasuwanci ne ko ado, ban kushe su ba, amma ba shi ne abin da yaron nan mai gwangwanin madara yake yi ba. Daɗin yana wurin rushewa da sakewa. Wani malamin lissafi ɗan Denmak, Søren Eilers, ya ƙirga da kwamfuta a 2004 cewa bulo shida kacal masu ido takwas, iri ɗaya, ana iya haɗa su ta hanya 915,103,765. Wanda ke da leda guda ta gwanjo, ko zai kwana yana gini har ƙarshen ransa, ba zai ƙure ta ba.

Na tambayi kaina me nake samu a ciki. Aikina na ofis ne, wuni nake gaban kwamfuta, in tashi ban ga abin da na yi da idona ba, gobe ma takardun nan ne. Waya kuma ba ta barin mutum ya tattara hankalinsa wuri ɗaya. Amma in na zauna ina neman bulon da zai rufe kusurwar katanga, hannuna da idona da tunanina duk suna wuri guda, kuma in na tashi ga abu a tsaye wanda ɗazu babu shi. Irin natsuwar da nake gani a fuskar mai ɗinkin hula ce, ko baduku a bakin aikinsa.

Kuma in an bi sawu, ba LEGO ne ya koya mana gini ba. Kafin tsarabar kawuna, da bayanta ma, da kaka muna fere karan dawa mu soke ɓawon cikin totuwa mu yi motar kara da gilashin ido. Muna yanka langa-langa mu yi tirela mai tayoyin silifa. Da damina mu kwaɓa laka mu yi shanu da rumbu da gida mai katanga. Ba mu da littafin umarni, babban yaro ke nuna wa ƙarami. Yawancinmu mun ajiye wannan duka rana ɗaya, muka shiga namu shekarun duhun ba tare da mun san sunansu ba.

Wani maƙwabcina ya shigo ya same ni a tabarma, ya ce, "Malam, da girmanka kake wasan yara?" Na ce masa ya zauna ya sa mini ƙofa a wannan zauren. Ya zauna don kunya, sai da aka kira magariba ya miƙe. Dattawa na wuni a gindin bishiya suna dara ba wanda ya ce sun zubar da girma, magidanta na cika gidan kallon ƙwallo har tsakar dare. Ban ga dalilin da mai gina abu da hannunsa zai ɓoye ba. Riba mafi girma da na samu kuwa ita ce 'yata. Da can hirarmu ba ta wuce ta makaranta. Yanzu ita ke ware mini bulo launi-launi, ita ta gano yadda za a jera su a karkace su ba da bakan ƙofa, abin da ya gagare ni mako biyu.

Mai son farawa ba sai ya nemi sabon kwali ba. Na gwanjo sun isa, a wanke su da sabulu da ruwa mai ɗumi, kada zafinsa ya wuce digiri 40, a shanya a inuwa domin rana na dusashe launinsu. Na ainihi akwai sunan LEGO a kan kowane ido. Akwai na wasu kamfanoni masu araha, tunda haƙƙin mallakar dabarar ya daɗe da ƙarewa, wasunsu na kamawa da kyau, wasu na sakin jiki. A kula ƙwarai da yaron da bai kai shekara uku ba, domin ƙananan na iya maƙale masa a wuya.

In kuma ba ka samu ko ɗaya ba, kaka na tafe. Ka sa a kawo maka damin kara daga gona, ka nemi reza, ka kira 'ya'yanka ka zauna da su a tabarma, ka nuna musu yadda ake motar kara.