Muhimmancin Kula da Magunguna a Sashen Kulawa ta Musamman

Sashen kulawa ta musamman shi ne inda ake kwantar da majinyatan da ke cikin mawuyacin hali, waɗanda numfashinsu ko zuciyarsu ko ƙodarsu ta gaza. Irin wannan majinyaci yakan karɓi magunguna da dama lokaci guda, akasari ta jijiya, don haka ɗan kuskure a lokaci ko a ma'auni na iya zama sanadiyyar ajalinsa.

Batun lokaci shi ne kan gaba, musamman idan ƙwayoyin cuta suka shiga jini har bugun jinin majinyaci ya faɗi ƙasa. Wani bincike da aka gudanar a asibitocin Kanada da Amurka, aka wallafa a 2006, ya nuna cewa duk awa guda da aka jinkirta ba da maganin kashe ƙwayoyin cuta, damar rayuwa na raguwa da kimanin kashi 7.6 cikin ɗari. Shi ya sa likitoci ke ƙoƙarin fara maganin cikin awa ta farko. A ganinmu, wannan awa ba ta jiran taron dangi ba ce.

Yawan magani ma ba shi ne waraka ba. A 2009, binciken da ya ƙunshi majinyata fiye da 6,000 a Ostareliya da Niyuzilan da Kanada ya gano cewa matsa wa sukarin jini da insulin har ya sauka sosai ya ƙara yawan mace-mace. Haka kuma idan ƙoda ta yi rauni, magani irin jentamaisin yakan taru a jiki ya ƙara lalata ta, sai an daidaita ma'auninsa. Har ila yau, a birnin Boston an gano a 1999 cewa shigar da masanin harhaɗa magunguna cikin zagayen likitoci ya rage illolin kuskuren rubuta magani da kashi 66 cikin ɗari.

Muna kira ga 'yan uwan majinyata da su sanar da likita duk maganin da mara lafiya yake sha a gida, har da na gargajiya. Kada a ba shi jiƙo ko tsimi a ɓoye, domin yana iya cin karo da abin da ake sa masa ta jijiya. Idan kuwa an rubuta maganin da za a sayo a waje, a hanzarta kawo shi, a kuma duba lambar rajistar NAFDAC da ranar ƙarewar wa'adinsa.