Haɗa Jitar Farko a Gida: Katako, Kayan Saiti da Awo

1.0 Gabatarwa

Jita abin kiɗa ce mai tsirkiya shida, wadda ake kaɗawa da yatsu ko da wani ɗan ɓallen roba. Iri biyu ce: akwai mai amfani da lantarki, akwai kuma wadda akwatin jikinta ne ke ƙara mata amo. Wannan ta biyun ita ce abin nazari a wannan babi. Ga Bahaushe tsarinta ba baƙo ba ne, domin garaya da molo da gurmi da kuntigi duk a kan ƙa'ida ɗaya suke tafiya, wato tsirkiya a ɗaure bisa wani abu mai rami a ciki. Bambancin shi ne, a kayan kiɗan Hausa fata ake shimfiɗawa a bakin ƙwarya ko itace, a jita kuwa siririn katako ne ke tsayawa a matsayin fatar.

Babin zai bayyana sassan jita, da katakon da ake zaɓa, da kayan saitin da mai koyo ke fara yi wa kansa kafin ya taɓa katako mai tsada. Za a ga cewa kyan jitar farko ya dogara ne a kan awo da kayan saiti fiye da gwanintar hannu, domin mai koyo bai riga ya sami gwanintar ba.

2.0 Sassan Jita da Yadda Take Ba da Amo

Jita tana da gangar jiki da wuya da kai. Gangar jikin ta ƙunshi fuska da baya da gefe biyu masu lanƙwasa. A fuskar akwai zagayayyiyar kafa ta fitar sauti, a ƙasa da ita kuma akwai jaki, wato katakon da ke riƙe tsirkiyoyi, kamar yadda ake samu a goge da garaya. Bisa jakin akwai wani siririn ƙashi da tsirkiyoyin ke hawa, wanda za a kira sirdi. A kan wuya ake manna allon yatsu, a jikinsa kuma ake gitta wasu siraran ƙarafa da za a kira matakai. Inda wuya ya haɗu da kai akwai wani ƙashin da za a kira matashi. A kan ne ake kafa makullan da ake murɗawa don ƙara wa tsirkiya tauri ko a sassauta ta.

Tsirkiya ita kaɗai ba ta iya motsa iska mai yawa. Idan aka kaɗa ta, sai rawarta ta bi ta sirdi da jaki ta shiga fuska, fuskar ta yi ta karkarwa tana tura iska. Saboda haka fuska ita ce ginshiƙin amon jita. Antonio de Torres (1817 zuwa 1892), mutumin Almeriya ta ƙasar Sifen, wanda ya daidaita siffar jitar gargajiya ta Turai, ya nuna haka a 1862. Ya haɗa wata jita mai fuskar katako, bayanta da gefenta kuwa na kwali.

A nan ne kuma babbar matsalar take. Kaurin fuska bai wuce milimita 2.5 zuwa 3 ba, alhali tsirkiyoyin ƙarfe guda shida suna ja da ƙarfin da ya kai kimanin kilo 70, na roba kuwa kimanin kilo 40. Idan fuska ta yi kauri amo zai dushe, idan ta yi siranta sai ta bankare ko ta tsage. Maganin wannan shi ne haƙarƙari, wato ƙananan sandunan da ake mannawa ta ciki. Torres ya jera nasa kamar mafici. Kamfanin da C. F. Martin ya kafa bayan ya ƙaura daga Jamus zuwa Amurka a 1833 ya yi fice da gitta manyan sanduna biyu a siffar harafin X, kuma wannan tsari ne ya zama ruwan dare a jitar ƙarfe.

3.0 Zaɓen Katako

Ana yin fuska da katako marar nauyi amma mai tauri, kamar sifurus ko sida, itatuwan ƙasashen sanyi. Baya da gefe kuwa ana yin su da katako mai nauyi kamar mahogani ko rozwud. Wuya galibi na mahogani ne, allon yatsu kuma na eboni ko rozwud, saboda su ne ke jure gogar yatsu. Rozwud na Barazil, wanda a da ake ji da shi, an taƙaita cinikinsa tsakanin ƙasashe tun 1992 saboda ya kusa ƙarewa. Itacen da ake kira mahoganin Afirka, wanda ake amfani da shi sosai a wannan sana'a, dangin maɗaci ne, kamar yadda eboni yake dangin kanya.

Ba a yin fuska da allo guda. Akan tsaga guntun katako gida biyu, a buɗe shi kamar littafi, a manna ɓangarorin a tsakiya, ta yadda zanen dama zai yi daidai da na hagu.

Dole ne katakon ya bushe sarai. Katako yana kumbura idan akwai laima, yana kuma tsukewa idan iska ta bushe. Masu sana'ar sukan tsayar da laimar ɗakin aikinsu wajen kashi 45 cikin ɗari. Wannan batu yana da muhimmanci a ƙasar Hausa, domin jitar da aka manna da damina tana iya tsagewa idan hunturu ya kama. Ya fi dacewa a manna haƙarƙari a rufe akwatin jita a lokacin da iska ke bushe.

4.0 Kayan Saiti

Abin da ake nufi da kayan saiti shi ne duk wani abu da mai sana'a ya haɗa domin ya riƙe aiki a wuri ɗaya, ko ya yi wa zarto da wuƙa jagora. Misalinsa shi ne akwatin da ake buga bulo da shi, wanda ke sa bulo dubu su fito kai ɗaya ko da wane ne ya buga. Ana yin kayan saiti da katako mai araha da ƙusa mai zare da gam. Muhimmai daga cikinsu su ne:

4.1 Mazubi. Katako ne mai kauri da ake yanke tsakiyarsa daidai da siffar jita, a raba shi biyu yadda za a iya buɗewa. A cikinsa ake zaunar da gefen jita har a gama mannawa. Duk kuskuren da ke jikin mazubi zai fito a jikin jita, saboda haka rabi ɗaya ake zanawa, sannan a juya shi a sami ɗayan.

4.2 Allon daidaita baki. Allo ne da ake kwantar da ɓangarorin fuska a kansa a goge bakinsu har su miƙe. Ana gwada aikin ta hanyar haɗa su a ɗaga su ga haske. Idan haske ya ratso, aikin bai yi ba.

4.3 Bututun lanƙwasa. Guntun bututun ƙarfe ne da ake ɗaurewa a tebur a zafafa cikinsa. Akan sassaƙe katakon gefe ya dawo kimanin milimita 2, a jiƙa shi kaɗan, a riƙa goga shi a bututun ana dannawa a hankali har ya ɗauki siffa. Gaggawa tana karya shi, daɗewa a wuri ɗaya kuma tana ƙona shi. Wajibi ne mai koyo ya fara gwaji da ragowar katako.

4.4 Faranti mai loko. Fuska da bayan jita ba a shimfiɗe suke ba, suna da ɗan tudu wanda ke ƙara musu ƙarfi. Akan yi faffaɗan faranti na katako mai loko kaɗan, a manna masa sanfefa, a goge haƙarƙari a kansa su ɗauki wannan lanƙwasa. Tudun baya ya fi na fuska.

4.5 Rumfar sanduna. Alluna biyu ne, ɗaya sama ɗaya ƙasa, da ginshiƙai huɗu a tsakaninsu. Akan ajiye fuska a ƙasa, a shafa wa haƙarƙari gam, sannan a tokare shi da siraran sanduna masu lanƙwasuwa waɗanda suka ɗan fi tsayin rumfar. Kowace sanda tana yin aikin mamatsi guda, ga ta da araha.

4.6 Akwatin yankan matakai. Shi ne ke riƙe zarto a tsaye, ya kuma ƙayyade zurfin tsagar da kowane mataki zai zauna.

5.0 Lissafin Matakai

Mai goge yana iya gyara sautinsa ta hanyar matsar da yatsa, amma a jita matakai a kafe suke. Idan aka dasa su ba daidai ba, babu gwanin da zai iya gyara kiɗan. Ana fara lissafin ne daga tsawon tsirkiya, wato tazarar da ke tsakanin matashi da sirdi. A jitar gargajiya tsawon yakan kasance milimita 650, a yawancin jitocin ƙarfe kuwa kimanin 645.

Ƙa'idar ita ce a raba tsawon da 17.817. Idan tsawon 650 ne, mataki na farko zai kasance milimita 36.48 daga matashi. Sai a debe wannan daga 650, saura 613.52, a sake rabawa da 17.817, a sami 34.43, wato tazarar mataki na farko da na biyu. Haka za a ci gaba. Hanyar tantance lissafin ita ce mataki na 12, wanda dole ne ya faɗa a tsakiya, wato milimita 325. Bugu da ƙari, kowane mataki daga matashi ake auno shi, domin idan aka riƙa aunawa daga mataki zuwa mataki, ƙananan kurakurai za su taru su yi yawa.

Akwai wani ƙarin bayani. Danna tsirkiya yana ƙara mata tauri, sautinta ya ɗan hau. Don haka ake ja da sirdi baya da kimanin milimita 2, a jitar ƙarfe kuma a karkata shi yadda tsirkiyoyi masu kauri za su fi sirara tsawo.

6.0 Jerin Aiki

Bayan an kammala kayan saiti, aikin yakan bi wannan tsari. Da farko a manna ɓangarorin fuska da na baya, a rage musu kauri, a yanke kafar sauti. Na biyu a manna haƙarƙari a sassaƙe shi, ana yi ana ƙwanƙwasa fuskar da yatsa ana sauraron amonta. Na uku a lanƙwasa gefe a sa a mazubi, a manna guntun katako a sama inda wuya zai shiga da wani a ƙasa, a kuma bi bakin gefen da siririn katako mai tsage-tsage domin gam ya sami wurin kamawa. Na huɗu a rufe akwatin da fuska da baya. Na biyar a sassaƙa wuya da magagari da sanfefa. A jitar ƙarfe akan binne sandar ƙarfe mai zare a cikin wuya, wadda ake murɗawa idan ya fara lanƙwashewa. Kamfanin Gibson ne ya sami rajistar wannan dabara a 1923.

Haɗa wuya da jiki shi ne wurin da ya fi kayar da masu koyo. A jitar ƙarfe, idan aka kwantar da miƙaƙƙiyar rula bisa matakai, bakinta ya kamata ya sauka daidai saman jaki. Idan ya sauka ƙasa da haka sosai, tsirkiyoyi za su yi nisa da allon yatsu, danna su ya yi wuya. Idan ya wuce sama da yawa, sai su riƙa gogar matakai suna ƙara, ko kuma a tilasta yin sirdi mai tsayin da bai dace ba. Saboda haka ake gwada kowane haɗi ba tare da gam ba kafin a manna.

Daga ƙarshe a shafa abin sheƙi shafi marar kauri, domin shafi mai kauri yana danne amo. Wurin da jaki zai zauna kuwa ba a bar masa shafi, saboda gam katako yake kamawa.

7.0 Kammalawa

An ga cewa jita tana tsaye ne a kan daidaito tsakanin siranta da ƙarfi, da kuma awon da ba ya karɓar kuskure. Kayan saiti su ne ke ba mai koyo damar cimma wannan daidaito, domin a jikinsu ake yin awo sau ɗaya a natse, a gyara shi a kan katako mai araha. Lokacin da aka ɗauka wajen haɗa su yana da yawa, amma za su sake yin amfani a jita ta biyu da ta uku. Ga malami mai jiran gado, darasin ya shafi aji, domin ɗalibin da aka shirya wa ma'auni da tsari tun farko ya fi saurin tsayawa da ƙafarsa.

Tambayoyi

1. Kwatanta jita da garaya ta fuskar sassa da yadda suke ba da amo.
2. Mene ne kayan saiti? Kawo guda huɗu tare da aikin kowanne.
3. Idan tsawon tsirkiya milimita 645 ne, lissafa wurin mataki na farko da na 12.
4. Bayyana dalilin da ya sa hunturu ke iya ɓata jitar da aka manna da damina.