Injiniyan da Ke Bayan Farfesa

Idan aka tambayi 'yan ajin kimiyya abin da suke son zama, amsar ba ta wuce likita ko matuƙin jirgin sama. A wannan makon mun ɗauko wani aiki da ba mu taɓa jin ɗalibi ya ambata ba, wato aikin injiniyan da ke tallafa wa masu binciken ƙwaƙwalwa da jijiyoyi a jami'a.

A shekarar 2012 masu bincike na Jami'ar Brown da ke Amurka, tare da abokan aikinsu, suka fitar da bidiyon wata mata mai suna Cathy Hutchinson. Shanyewar jiki ta kama ta kusan shekara 15, ba ta motsa hannu ko ƙafa, ba ta magana. Tana zaune a kan keke ta yi niyyar miƙa hannu, niyya kawai, sai wani hannun ƙarfe da ke gabanta ya ɗauko gorar kofi ya kai mata baki ta zuƙa. Sunan Farfesa John Donoghue ya zaga duniya, kuma ya cancanta. Amma tsakanin niyyar matar nan da gorar kofin akwai wayoyi da na'urori da manhajar kwamfuta, kuma kowannensu akwai wanda ya haɗa shi, ya gwada shi, ya gyara shi ranar da ya ƙi aiki.

Abin da aka dasa mata a ƙwaƙwalwa tun 2005 wani ɗan faifan silikon ne, milimita 4 tsawo, milimita 4 faɗi, kusan girman ƙwayar dawa. Yana ɗauke da allurai 100 sirara. Richard Normann na Jami'ar Utah ne ya ƙirƙiro shi. Aikin allurran shi ne jiyo 'yar wutar lantarkin da ƙwayoyin ƙwaƙwalwa ke fitarwa idan suna aika saƙo.

Daga nan wahalar injiniya take farawa, domin wutar ba ta taka kara ta karya ba. Batirin tocila yana da bolt 1.5. Saƙon da allura ke jiyowa kuwa sau da yawa bai wuce kashi 100 cikin miliyan na bolt ɗaya ba. Ke nan batirin ya ninka shi kusan sau 15,000. Sauraron irin wannan saƙo kamar sauraron raɗa ne a tsakiyar kasuwa ranar da take ci. Babban mai hayaniyar kuwa shi ne wutar da ke cikin bangon ɗakin. A Najeriya tana kai da komowa sau 50 a kowace daƙiƙa, a Amurka sau 60, kuma duk wata waya da ke kusa tana kwasar wannan guna, har jikin mutum ma yana kwasa. Injiniya na iya shafe yini yana farautar inda hayaniya ke shigowa. Ya kashe fanka ya duba allo, ya zare cajar wani ɗalibi ya sake dubawa, ya bi wayar da ke sauke wuta zuwa ƙasa ya ga ko ta saki. Wani lokaci sai an sa kayan gwajin baki ɗaya cikin kejin ragar ƙarfe, dabarar da Michael Faraday ya nuna tun 1836. Idan bai yi wannan ba, farfesa zai zauna yana nazarin gunar fanka yana zaton maganar ƙwaƙwalwa ce.

Sai kuma jikin ɗan Adam. Duk wanda wayarsa ta taɓa faɗawa cikin bokiti ya san ruwa da lantarki ba sa ga maciji. To cikin jikinmu ruwan gishiri ne mai ɗumi, zafinsa 37 a ma'aunin salshiyos, kuma a nan ake son na'ura ta zauna shekara da shekaru ba tare da ta yi tsatsa ba. Don haka kafin a kusanci dabba, balle mutum, injiniya kan lulluɓe na'urar da wani siririn rufi, ya jiƙa ta cikin ruwan gishiri na makonni ko watanni, yana aunawa yana rubutawa. Yakan ƙara wa ruwan zafi don na'urar ta tsufa da wuri, a ga ta inda za ta fara lalacewa. Aiki ne mai gundura, mun yarda. Amma gara ta lalace a cikin kwalba, domin canza ta a cikin kai sai an sake buɗe ƙoƙon kan mutum.

Ga kuma yawan bayanai. Irin wannan na'ura kan auna kowace allura sau 30,000 a daƙiƙa. Allurai 96 ne ake jonawa, sai ku buga lissafin: lamba 2,880,000 a kowace daƙiƙa. Dole wani ya rubuta manhajar da za ta karɓe su, ta adana su, ta kuma daidaita agogonsu da na kyamarar da ke ɗaukar motsin hannu. Shi ne kuma zai tabbatar wutar bango ba ta da hanyar bi ta waya ta shiga jikin majinyaci.

Abin da ya ja hankalinmu shi ne kayan aikin ba baƙi ba ne. Dalma da ƙarfen narka ta, mitar auna wuta, madubin ƙara girma, duk muna ganinsu a teburin mai gyaran waya a kasuwa. Bambancin shi ne wannan injiniya ya haɗa iya hannu da fizis da lissafi da ilimin halittu, kuma ba ya taɓa waya ɗaya bai rubuta abin da ya yi ba. Yawanci sun karanta injiniyan lantarki ko injiniyan kayan asibiti, kuma ana koyar da na biyun a jami'o'i irin su Ilori da Legas. Ba za mu ɓoye muku ba, aikin yana da nasa ƙunci. Sau da yawa sunan mai shi a layin godiya na ƙarshen takarda yake ƙarewa, albashinsa kuma ya rataya ne da kuɗin binciken, idan suka ƙare sai neman wani.

Akwai wani mai irin wannan aiki da tarihi bai manta da shi ba, ko da yake shi a kan zuciya ya yi nasa. Earl Bakken ya buɗe shagon gyaran kayan asibiti mai suna Medtronic a cikin gareji a birnin Minneapolis a 1949, yana kuma yi wa asibitin Jami'ar Minnesota gyare-gyare. A asibitin, likitan tiyata Walton Lillehei yana yi wa yara aikin zuciya, wasunsu sai an jona musu na'urar daidaita bugun zuciya, wadda a lokacin ƙatuwa ce mai shan wutar bango. Ranar 31 ga Oktoba 1957 aka ɗauke wuta a birnin. Mu da muka san ɗauke wuta ba sai an faɗa mana halin da yaran suka shiga ba. Lillehei ya nemi Bakken ya samo mai aiki da batir. Bakken ya ɗauko wata mujallar masu sha'awar lantarki, ya samo zanen wata 'yar na'ura da makaɗa ke daidaita bugun kiɗa da ita, ya sauya mata fasali. Cikin mako huɗu ya kawo ɗan akwatin da zai zauna a tafin hannu. An gwada shi a kan kare, Bakken ya tafi gida yana zaton da sauran gwaji. Da ya dawo asibitin washegari, sai ya tarar da akwatin nasa jone a jikin wata yarinya.