Labarai Cikin Zane Sun Kai Ga Digirin Dakta A Japan

Abin da wasunmu ke ɗauka wasan yara ne, a ƙasar Japan ilmi ne mai zurfi. Cikin 2006 Jami'ar Seika ta birnin Kyoto ta buɗe tsangaya sukutum domin manga, watau labarai cikin zane. A 2010 ta soma karatun digiri na biyu a fannin, a 2012 kuma na dakta. Wani mutumin Mali, Oussouby Sacko, shi ya shugabanci jami'ar daga 2018 zuwa 2022.

To, 'yan'uwa mazauna Kudu, in yaro ya duƙufa kan zane, a daina kwaɓarsa. Gwamnatin Japan takan ɗauki nauyin karatun baƙi, ana kuwa nema ta ofishin jakadancinta da ke Abuja.