Idan Yaro Ya Yi Jijjiga, A Daina Ɓoye wa Likita Gaskiya

Daga watan Agusta zuwa Oktoba, ɗakunan kwantar da yara a asibitocin Madawa da Buza da Keita cika suke yi maƙil, har a haɗa yara biyu a gado ɗaya. Sauro ne, kowa ya sani, ba sai na tsaya bayani ba. Abin da ya dame ni wata ɗabi'a ce da muke yi bayan mun sha wahalar hanya mun iso gaban likita: sai mu shirga masa ƙarya.

A daminar da ta wuce na je dubiya wata likita a yankin Bangi, sai ga mutane sun shigo a gigice da yaro ɗan kimanin shekara uku, an naɗe shi da zane, idanunsa sun kafe sama. Malamin asibitin ya karɓe shi ya kwantar, ya juya wajen dattijon da ke gaba.

"Baba, yaushe ciwon ya fara?"

"Yanzu-yanzun nan, malam. Lafiyarsa lau yana wasa."

"Kun ba shi wani abu a gida?"

"Ko ruwa ba mu ba shi ba."

Alhali gaban rigar yaron baƙi ƙirin yake da tawadar rubutu, jikinsa na warin hayaƙi, leɓensa na ƙasa a fashe, haƙori ɗaya na girgiɗi saboda cokalin da aka danna masa. Uwar tana can raɓe da bango, ta ja mayafi ta rufe rabin fuska. Ɗan fari ne, ga suruki a tsaye, ina za ta buɗe baki? Sai da wata ma'aikaciya ta ja ta gefe, sannan ta faɗa ƙasa-ƙasa: kwana huɗu ke nan jikinsa da zafi, tun kafin asuba ya yi jijjiga sau biyu, an ɗura masa rubutu da jiƙo yana a some, shekaranjiya kuma an saya masa wasu ƙwayoyi wajen mai talla, ba ta san sunansu ba.

To, don Allah wa aka cuta? Dattijon gudun faɗa yake yi, kada a ce sun yi sakaci. Amma kunyar minti biyu ya guje wa, ya sa ran jikansa a caca. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Ya kamata mu gane cewa tambayoyin nan ba na neman laifi ba ne, kowace amsa tana sauya aikin da za a yi. Idan an ɗura wa yaro abu yana a some, mai yiwuwa ya bi ta maƙogwaro ya gangara huhu, dole a saurari ƙirjinsa a shirya wa ciwon huhu. Idan ya kwana biyu bai ci abinci ba, sukarin jininsa na iya faɗuwa, wannan kaɗai yana kawo jijjiga da suma, kuma maganinsa ruwan sukari ne ta jijiya nan take. Idan an riga an ba shi ƙwayar zazzaɓi ko allura, sai an san wace iri ce kafin a ƙara masa wata. Jijjiga ɗaya gajera da zafin jiki ya jawo daban take da jijjiga uku cikin dare ɗaya. Likita ba boka ba ne, abin da ka gaya masa da abin da ya gani a jikin yaro su ne jagoransa.

Akwai kuma wata ɓarnar da ba a lura da ita. Amsar da ka bayar rubutawa ake yi a rajista: shekarun yaro, garinsu, ranar da ciwo ya fara, sa'ar isowa, abin da aka ba shi, da yadda ya ƙare. Daga irin waɗannan rajistoci likitoci ke yin bincike, ba tare da gwada wani sabon magani a kan kowa ba. Tattara bayanan ɗaruruwan marasa lafiya suke yi, a cire sunaye, a duba su wane ne suka tashi, su wane ne suka rasu, mene ne ya bambanta su. A birnin Blantyre na ƙasar Malawi, Malcolm Molyneux da Terrie Taylor da abokan aikinsu sun bi diddigin yaran da zazzaɓin cizon sauro ya taɓa wa ƙwaƙwalwa, a 1989 suka fitar da ma'aunin zurfin suma da ake amfani da shi har yau a asibitocin Afirka. Abu uku ake dubawa: ko idon yaro na bin abin da ke motsi, yadda yake janye jiki idan an matse shi, da irin kukan da yake yi. Makin daga 0 zuwa 5 ne, wanda ya samu 2 ko ƙasa da haka yana cikin doguwar suma. Sun kuma nuna cewa faɗuwar sukari da maimaituwar jijjiga na cikin alamun da ke nuna yaro na bakin halaka. Lura da rubutu na gaskiya ne suka haifar da wannan ilimi. Idan mu a nan kowa ya zo ya ce "yanzu ya fara", rajista za ta nuna mutanen Bangi ba su da matsalar jinkiri, kuma babu mai tunanin ƙaro mana motar ɗaukar marasa lafiya ko ma'aikata a karkara. Da bakinmu muka hana kanmu.

Yanzu ga abin da ya kamata a yi idan yaro ya fara jijjiga. A kwantar da shi a kan gefensa, nesa da wuta da ruwa, a sassauta masa riga. Kada a sa masa komai a baki, ko cokali ko yatsa ko tsinke. Mutum ba ya haɗiye harshensa, cokalin nan haƙori kawai yake karyawa. Kada a ɗura masa komai sai ya farfaɗo sarai har yana iya haɗiya. Kada a turara shi, mai fama da numfashi ba hayaƙi yake buƙata ba. Wani ya dubi agogon waya: jijjigar da ta wuce minti 5, ko ta dawo yaro bai farka ba a tsakani, ta zama ta gaggawa. Ko da ta tsaya da kanta, in dai da zafin jiki, a kai shi likita a ranar. Addu'a kuwa babu mai hana ta. A yi tofi a kan babur, a yi a kan amalanke, ana tafe ana yi.

Kafin a fita, a tattara duk abin da aka ba yaron, kwalin ƙwaya ne ko kwalbar sirop ko ragowar jiƙo, a zuba a leda a tafi da shi tare da katin asibitinsa. Wannan ledar ta fi dogon bayani amfani. Sannan a bar uwa ta yi magana. Ita ta kwana da shi, ita ta san sau nawa ya yi amai. Kawun da aka kira daga gona bai san komai ba sai abin da ya ji a hanya. In kunya ce, maza su fita waje na ɗan lokaci, ba abin da zai rage musu na girma.

Ba a damina kaɗai wannan magana take ba. Da iskar hunturu ta kaɗa har zuwa zafin bazara, lokacin sanƙarau ne, kuma muna tsakiyar yankinsa. A 2015 ya kama mutum fiye da 8,000 a Nijar, fiye da 500 suka rasu. Yana iya kashe mutum cikin kwana ɗaya, wanda ya tsira ma wani lokaci ya bar shi da kurumta ko farfaɗiya. A nan wata gardamar ke tasowa: da likita ya ce zai ɗibi ruwan baya, sai dangi su ce a'a, wai allurar ce ke gurgunta yaro. Ciwon ne ke gurguntawa. Ruwan nan shi ke bambanta sanƙarau da zazzaɓin da ya hau ƙwaƙwalwa, kuma daga samfurin da ake aikawa cibiyar bincike ta CERMES a Yamai ake gane irin ƙwayar cutar da ke yawo, a san rigakafin da za a kawo wa yanki. Wanda ya ƙi, ya hana ɗansa, ya hana 'ya'yan maƙwabta.

Ba mu rasa inda za mu je ba. Akwai likitocin ƙauyuka, akwai asibitin Madawa inda ƙungiyar likitoci ta MSF ke taimakawa da kula da yara tun bayan yunwar 2005, akwai na Buza da na Keita, ga asibitin Galmi da ke aiki tun 1950, in abu ya fi ƙarfi a tura Tawa. Tun 2006 gwamnati ta ayyana kula da yara 'yan ƙasa da shekara 5 kyauta. Na san wani lokaci magani kan yanke a ce ka saya, na san ƙorama kan cika ta datse hanya, na san tafiyar dare a bakin iyaka ta zama abin tsoro. Wannan ne ma ya sa zazzaɓin da ya fara da hantsi bai kamata a bar shi ya kai dare ba. Maganin rigakafin zazzaɓin cizon sauro da ake rabawa gida-gida kowane wata a damina kuma na kwana uku ne, ba na ranar da ma'aikata suka zo kaɗai ba. Iyaye da yawa na farko suke bayarwa, sauran su ajiye a kan garu har su lalace.

Maganata ta ƙarshe ga magidanta ce, musamman masu tafiya ci-rani. Kada ka bar gida sai ka ce wa matarka, a gaban mahaifanka, ka ba ta izinin kai yaro likita dare ko rana ba tare da jiran wayarka ba. Ka bar mata kuɗin kabu-kabu a hannunta, ba a hannun ƙaninka ba. Ka kuma gaya mata idan ta je ta faɗi komai, har da rubutun da jiƙon. In malamin asibiti ya yi faɗa, a haƙura a sha faɗan, a dawo gida da yaro.