Ɗakin Karatun Sakandare: Amanar da Ke Wuyanmu a Zongo

 

'Yan uwa, mun lura cewa idan iyaye a Zongon Kwatano za su sa yaro kwaleji, suna tambayar kuɗin makaranta da nisan hanya da yawan waɗanda suka ci jarrabawa, amma ba kasafai ake tambaya ko akwai ɗakin karatu ba. Alhali wahayin farko da ya sauka, a Suratul Alaƙ, umarni ne da karatu, kuma an ambaci alƙalami a cikinsa.

Sakandare a Jamhuriyar Benin shekara 7 ce: 4 kafin BEPC, sannan 3 kafin BAC, kuma da Faransanci ake karatun. Yaronmu yana jin Hausa ko Dendi ko Yarbanci a gida, ya ji Fon a kasuwar Dantokpa, Faransanci kuwa sai a aji. Harshe ba ya zama a baki da sa'o'in aji kaɗai, sai da yawan karatu. Wanda ya karanta littattafan marubutan ƙasar nan, irin su Paul Hazoumé da Olympe Bhêly-Quenum da Jean Pliya, hannunsa zai fi sakewa ranar rubutun jarrabawa. Aikin ɗakin karatu na farko ke nan.

Na biyu shi ne daidaita mai hali da marar hali. Ba kowane uba ke iya sayen ƙamus da littattafan lissafi da kimiyya duk shekara ba. Kwafi guda a kan kanta yana amfanar yara da yawa, ɗaya bayan ɗaya. Ga kuma maganar wuri: gidajenmu na haya cike suke, ga hayaniyar 'yan zemijan da ciniki har dare. Ɗalibi yana bukatar tebur da fitila da shiru, musamman yarinya, wadda aikin gida ke jiranta da zarar ta dawo.

Na uku, malamai su ma suna amfana, domin a nan suke shirya darasi. A nan kuma ake koya wa yaro bin magana zuwa tushenta. Wayar da ke aljihunsa tana kawo gaskiya da ƙarya a haɗe. Mu da muka zauna a zaure muka karanta Ahalari da Ishmawi da Risala mun san tambayar malamanmu: a wane littafi ka gani? Wannan tarbiyya ce yaro ke bukata a zamanin intanet. A 1999 hukumar UNESCO ta amince da wata sanarwa kan ɗakunan karatun makarantu, wadda ta nemi a buɗe su ga kowane ɗalibi ba tare da bambanci ba.

Tara littafi gadonmu ne. Bagadaza ta yi suna da Baitul Hikima a zamanin Halifa Ma'amun. An ruwaito cewa Shehu Ahmad Baba na Tumbuktu, wanda ya rasu a 1627, ya mallaki littattafai kusan 1,600. Ɗakin karatun ƙasa kuwa yana Porto-Novo, ba inda ɗan aji uku zai je kullum bayan an tashi ba ne. Na makarantarsa shi ne na kusa.

To mene ne namu? Ƙungiyar iyaye ta tambayi shugaban makaranta: ɗakin yana buɗe, ko ya koma ma'ajiyar karyayyun kujeru? A samu mai kula da shi, da rajistar aro, da lokacin buɗewa sananne. Laimar Kwatano da gara suna cin takarda, saboda haka a ɗaga kantoci daga ƙasa, a bar iska ta shiga, a gyara rufi kafin damina. Makarantunmu na Faransanci da Larabci su ajiye littattafan harsunan biyu. Wanda ya ci BAC ya bar littattafansa ga na baya. 'Yan kasuwarmu kuma su tuna cewa wakafin littafi sadaka ce mai gudana, ladanta ba ya yankewa muddin ana karantawa.

Yaro kuma ya sani littafin aro amana ne: kada ya yage shi, kada ya riƙe shi fiye da wa'adi.

Allah Ya ba 'ya'yanmu ilimi mai amfani. Amin.