Daidaito da rashin daidaito

Wani manomi na ƙasar Mayahi zai kai hatsi kasuwar Tasawa. Amalankensa ba ta ɗaukar abin da ya wuce buhu 10. Ya riga ya ɗora buhu 4. Buhunan da zai ƙara, mu kira su x.

Ku dubi rubutun nan guda uku:

x + 4
x + 4 = 10
x + 4 < 10

Na farko yana faɗin yawan kaya kawai. Ba a gwada shi da kome ba.

Na biyu yana da alamar =. Sunansa daidaito. Amsarsa ɗaya tak: buhu 6, amalanke ta cika.

Na uku yana da alamar <, wato "bai kai ba". Sunansa rashin daidaito. Amsoshinsa da yawa: 0, 1, 2, 3, 4 ko 5. In manomin ya ƙara buhu 7, kaya sun yi wa dabba nauyi.

Alamomin rashin daidaito huɗu ne:

< bai kai ba
> ya fi
≤ bai wuce ba
≥ bai kasa ba

Bakin alamar kullum yana buɗe wajen babbar lamba. Alamomin < da > sun fara fitowa a littafin Thomas Harriot na Ingila a 1631.

Aiki

1. Wanne ne rashin daidaito: y + 2 = 9, y > 3, ko 5y?
2. Ku nemo amsoshin x + 4 ≤ 10. Nawa ne?